Shin Ko Kun San? Injin Yankan Itace: Wanne Ne Gwani Tsakanin Kura da Bunkure?

Shin ko kun san cewa injin yankan itacen nan da ke cika muku kunne daga bayan gari, asalinsa kayan aikin likitoci ne? A tsakanin 1780 da 1790 wasu likitoci biyu na ƙasar Sikotland, John Aitken da James Jeffray, suka fito da wata 'yar sarƙa mai haƙora da ake ja da hannu don yanke ƙashin mutum. A 1830 kuma wani likitan ƙashi Bajamushe, Bernhard Heine, ya ɗora irin wannan sarƙa a jikin ƙarfe tana zagayawa. Kafin injin ya ɗanɗana darbejiya, ƙashi ya fara ci, kuma har gobe bai manta ɗanɗanon ba. Allah Ya tsare.

Shin ko kun san Stihl sunan mutum ne? Andreas Stihl injiniya ne da ya kafa kamfaninsa a birnin Stuttgart na Jamus a 1926. Injinsa na farko da lantarki yake aiki. Mai amfani da fetur ya biyo baya a 1929, nauyinsa ya kusa na buhun taki, sai ƙarti biyu ke riƙe shi, ɗaya a kai ɗaya a gindi. A wajen fetur ma ba shi ya riga kowa ba: wani Bajamushen, Emil Lerp, ya fitar da nasa mai suna Dolmar tun 1927. Kamfanin Makita na Japan ya saye Dolmar a 1991, daga baya kuma ya daina ƙera injunan fetur a 2022, ya koma ga masu batir.

Babban kishiyar Stihl fa? Shin ko kun san Husqvarna da bindiga ya fara? A 1689 aka kafa shi a ƙasar Suwidin don ƙera wa sojojin sarki bindigogi, kuma tambarin da ke jikin injinsa har yau hoton saitin bindiga ne. Ya shiga ƙera keken ɗinki a 1872, babur a 1903, bai taɓa injin yankan itace ba sai 1959. Ke nan tela ya riga mai katako sanin wannan kamfani da shekara 87.

Shin ko kun san haƙoran sarƙar daga bakin tsutsa aka kwaikwayo su? Wani mai saran itace a Amurka, Joseph Cox, ya tsaya kallon tsutsar wani ƙwaro tana huda kututture, ya ga yadda take gatsa da hagu ta gatsa da dama ba ta gajiya. Ya koma gida ya ƙera sarƙa mai lanƙwasassun haƙora a jere, ɗaya hagu ɗaya dama, ya fara sayarwa a 1947. Daga nan sarƙar kamfanin Oregon ta samo asali. Ku duba sarƙar kowane inji a yau, ɗan Jamus ne ko ɗan Sin, dabarar tsutsar nan za ku gani.

Ga wani abin dariya: Robert McCulloch, attajirin Amurka da ya yi arziki da ƙananan injunan da mutum ɗaya ke iya ɗauka, shi ne ya sayi tsohuwar gadar Landan a 1968, aka kwance ta dutse bayan dutse aka sake gina ta a hamadar Arizona. Sunan McCulloch yanzu yana hannun Husqvarna.

To, mu dawo gida. Shin ko kun san ƙasar Kura, Bunkure da Garun Malam ba ƙasar manyan gungume ba ce? Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar hanyar ruwa zuwa filayen da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su. Kashin farko na wannan shirin ban-ruwa ya tasam ma hekta 22,000. Fili ne da aka share aka baje don shinkafa, alkama, tumatir, albasa da masara. Bishiyoyin da suka rage suna bakin gari, gefen hanya, iyakar gona da cikin lambuna: darbejiya, turare, mangwaro, gwaiba, sai ɗaiɗaikun kuka, tsamiya da ɗorawa. Aikin da ke jiran inji a nan yawanci rage reshen da ya yi wa shuka inuwa ne, ko daddatsa bishiyar da iskar farkon damina ta kayar, ko fitar da sandunan rumfa. Katakon rufin ɗaki kuwa, kowa ya san hanyar 'Yan Katako ta Na'ibawa.

Na kawo wannan ne saboda wani inji da sunansa ya cika dazukan Afirka ta Yamma, wato Stihl 070. Shin ko kun san girman cikinsa ya kai sisi 106, ya yi kafaɗa da injin babur ɗin Boxer da 'yan acaɓa ke hawa? Ka ɗauka babur ka rungumo a hannu. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa ƙarfe da sarƙa, a zuba mai. Masu fasa gungume su fitar da katako suna son sa don ƙarfinsa da jurewarsa, ga sauƙin kwancewa da ɗaurawa. Sai dai tsohon zubi ne, tun shekarun 1960, kuma ba shi da birkin sarƙa irin na injunan zamani. Wanda zai hau mangwaro da wannan dodo don ya rage reshe, ya ɗauko taɓarya ne zai kashe sauro. A ganina, mai inji a wannan yanki matsakaici ya ishe shi, daga sisi 40 zuwa 60.

Shin ko kun san ba duk 070 ne 070 ba? Akwai masana'antu a ƙasar Sin da ke kwaikwayonsa sak, har launin ruwan lemo da tokan nan. Wasu suna sa nasu sunan, wannan ba laifi, ka san abin da ka saya. Wasu kuwa suna manna sunan mai shi, wannan shi ne jabu. Ga inda zancen ya rikice: shi kansa Stihl yana da masana'antarsa a birnin Qingdao na Sin, yana da wasu a Barazil da Amurka, sarƙarsa kuma a Suwizalan ake ƙera ta. Saboda haka ganin sunan Sin a jikin inji bai isa a ce jabu ba ne, haka ganin sunan Jamus bai isa a rantse a kansa ba. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, takardar saye daga dila sananne, da farashin da bai yi arhar banza ba, su ne shaidu. In aka ce ka kawo kuɗin akuya a ba ka sa, duba ƙafarsa.

Su kuwa ƙananan 'yan Sin masu lamba 5200 da 5800, ban raina su ba. Manomin da zai tayar da inji sau biyar a shekara ba shi da dalilin ɗaure jarin takinsa a injin ƙwararru. Amma wanda sana'arsa ke nan, daga safe zuwa la'asar, arha za ta mayar da shi ɗan gidan bakanike.

Shin ko kun san abin da ya fi kashe waɗannan injuna ba sunan kamfani ba ne, haɗin mai ne? A nan manomin rani ya kamata ya buɗe kunne, domin sabo na iya cutar da shi. Injin ban-ruwan da ya saba da shi yana da wurin fetur daban, wurin baƙin mai daban. Injin yankan itace ba haka yake ba. Ɗan'uwan ƙaramin janareton nan ne na Tiger, a cikin fetur ake gauraya masa man da zai sa fistan ya riƙa tafiya da santsi. Ƙa'idar manyan kamfanonin ita ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai na musamman da aka yi don irin wannan inji: lita 5 ta fetur, mililita 100 na mai. Tsofaffin injuna da 'yan Sin da yawa sun fi son kashi 25 da 1. Zuba masa fetur zalla, cikin ɗan lokaci fistan zai kama, ko daga Jamus aka sauke shi jiya. Cika masa mai kuma, ya yi ta hayaƙi yana kashe fulogi. Haɗin da ya kwana wata da watanni a jarka shi ma ya tashi daga aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace lita da aka ɓata ana jin ta a aljihu.

Akwai tanki na biyu, na man sarƙa, kuma shin ko kun san duk abin da aka zuba a cikinsa a ƙasa yake ƙarewa? Sarƙar ce ke watsa shi tana gudu. Da yawa sukan cika tankin da ƙonannen baƙin man da aka juye daga mota, don ba a sayensa da tsada. Yana cinye famfon mai da sarƙa, wannan asarar mai inji ce. Abin da ya dame ni shi ne in aikin a bakin hanyar ruwa ake yi, ko a kan fangalin albasa, to wannan baƙin ruwan a cikin abincinmu yake sauka.

Shin ko kun san magagari ya fi sabon inji? Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, tana jan kanta cikin itace. Da zarar ka ga gari mai laushi kamar dusa, kana dannawa da ƙarfi, har hayaƙi na tashi, ta dakushe. Taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya dakusar da ita, kuma ɓawon itacenmu cike yake da yashi da ƙurar hunturu. Ita ƙurar ce dai ke toshe matatar iska, inji ya riƙa shaƙewa a ɗora wa kafireta laifi. Busasshiyar kirya ko marke kuwa, sai an yi ta wasa haƙora a tsakani. Ba banza ba masassaƙa ke neman kirya don turmi, maƙera ke neman gawayinta.

Af, tun da an ambaci itace mai tauri: kun san sheƙin rawanin nan ɗan Kura, da Buzaye ke nema tun daga hamada, da itace ake fito da shi? A mabuga ake shimfiɗa rinannen yadi a kan gungume, a yi ta dukansa da guduma ta itace har ya ɗauki ƙyalli. Kura ta san darajar gungume tun kafin a haifi Andreas Stihl.

Shin ko kun san sarƙar na gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa guda, wato sama da kilomita 70 a awa, gudun mota a titin Zariya? Mafi haɗari shi ne saman bakin ƙarfen: in ya taɓi reshe ko ƙusa, injin kan yi tsalle ya dawo fuskar mai shi kafin ƙiftawar ido. Don haka aka ƙirƙiro birkin sarƙa. Ƙararsa kuma takan kai desibel 110, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in abin ya daɗe. In ka ga tsohon mai inji yana cewa "na'am?" sau uku, ba girman kai ba ne. Silifas da 'yar shara ba kayan wannan aiki ba ne.

Shin ko kun san fasa katako da wannan inji ɓarna ce babba? Kowane yanka yana cinye kusan santimita guda ya mayar gari, zarton masana'anta kuwa bai cin rabin haka. Yana daga dalilan da suka sa Ghana ta haramta sayar da katakon da aka fasa da shi tun 1998. A Barazil sai da lasisi ake riƙe shi, a Filifin kuma dokar 2002 ta wajabta yi masa rajista. Nan gida ma, a 2025 Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano ta sanar da hana amfani da injin ba tare da izini ba: mai sana'ar ya yi rajista, mai son sare bishiya ya nemi takarda, wanda ya sare kuma ya dasa madadin. Tsaurin ba sabo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, domin ana ba da labarin sarakunan Damagaram sun taɓa yanke hukuncin kisa ga mai saran gawo ba da izini ba.

Kun san ba kowace bishiya ce ke yafe wa inji ba? Darbejiya, baƙuwar da ta fito daga yankin Indiya, da turare ɗan Ostareliya, in an datse su sukan sake tofo daga kututture, bayan 'yan shekaru a sake samun sanduna. Ɗorawa da tsamiya da kaɗanya kuwa, shekarun da suka ɗauka kafin su fara ciyar da gida, inji kan share su kafin shayi ya huce. Maɗobiya ta ga ta kanta: 'yan kasuwar Sin sun yi ta kwasarta daga dazukan Najeriya har aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ke sa wa ido a 2016, aka dakatar da fitar da ita daga ƙasar a 2018.

To, wanne ne gwanin? In aka matsa mini, Stihl zan ɗauka don aikin yau da kullum, Husqvarna na bin sa kafaɗa da kafaɗa, ɗan Sin kuma ga mai aikin jefi-jefi. Amma kafin ka ƙirga ko sisi, ɗan'uwa, je ka wurin bakaniken da ke gyara maka injin ban-ruwa a Kura ko Bunkure, ka tambaye shi wane inji yake iya kwancewa, kuma na wanne ake samun fistan, ringi da sarƙa a Sabon Gari in an je da safe a dawo da azahar. Ka tafi kasuwar tare da shi, a tayar da injin a gabanku, ka kuma nemo takardar izininka kafin ka ja igiya.