Biniam Girmay da Ƙunƙuntar Ƙofar da 'Yan Tseren Keken Afirka Ke Bi

Ranar 1 ga Yuli, 2024, a birnin Turin na Italiya, Biniam Girmay ɗan ƙasar Iritiriya ya lashe zango na uku na gasar Tour de France, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a wannan gasa da aka fara tun 1903. Kafin a kammala ya ƙara cin zanguna biyu, ya kuma tafi gida da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki. Tun daga nan ake ta cewa lokacin Afirka ya zo a tseren keke. Ni ina ganin maganar na da ƙamshin gaskiya, amma an yi gaggawar yanke hukunci.

Girmay bai faɗo daga sama ba. Italiyawa, waɗanda suka mallaki Iritiriya daga 1890 zuwa 1941, su suka kai keke da son tserensa Asmara, kuma tun 1946 aka yi gasar zagaya ƙasar ta farko. Turawan sun tafi, keken ya zauna. Ya zama abin hawan ma'aikaci da ɗan makaranta, ya kuma zama wasan da jama'a ke cika bakin titi don kallo a ƙarshen mako. Yaron da ya tashi a irin wannan gari yana ganin yayyensa na tsere tun kafin ƙafarsa ta kai feda. An haifi Girmay a Asmara ranar 2 ga Afrilu, 2000, mahaifinsa kafinta ne mai son kallon Tour de France a talabijin.

Sai kuma yanayin ƙasar. Asmara na bisa tsauni, sama da mita 2,300 daga matakin teku. A irin wannan tudu iskar shaƙa ba ta da kauri, don haka jiki kan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini domin ya wadatu. Manyan ƙungiyoyin Turai na kashe maƙudan kuɗi su kai 'yan tserensu tsaunukan Sifen su yi makonni don neman wannan amfani. Ɗan Asmara a nan yake kwana yake tashi. Ga kuma titin da ya gangara daga birnin zuwa Massawa a bakin Bahar Maliya, kilomita ɗari da 'yan kai na kwana-kwana, wanda dawowarsa yawanci hawa ne.

Amma huhu da cinya ba su isa ba, kuma a nan ne masu cewa "baiwa ce kawai" ke kuskure. Tseren titi wasan dabara ne. Wanda ya fake a bayan 'yan'uwansa cikin ayari iska ba ta dukansa sosai, yana iya tsimin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Sanin inda za ka tsaya cikin mutum ɗari da saba'in da ke gudu kafaɗa da kafaɗa, da lokacin da za ka kutsa gaba kafin hanya ta tsuke, ba a koyonsa sai a cikin tseren. Yaran Beljiyam da Faransa suna samun wannan kowane mako tun suna ƙanana. Girmay ya samu nasa ne a 2018, lokacin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ɗauke shi zuwa cibiyarta da ke Aigle a Suwizalan. A 2019 ya ci zango a gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon, a 2020 ƙungiyar Delko ta Faransa ta ba shi kwantiragi, a 2021 ya koma Intermarché ta Beljiyam, a shekarar kuma ya ɗauki lambar azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23.

Ranar da ta fi burge ni a tarihinsa ita ce 27 ga Maris, 2022, a gasar Gent-Wevelgem. Tsere ne na wuni guda, kusan kilomita 250, cikin iskar Filandas, a kan tsoffin hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu masu girgiza haƙora. Su huɗu suka ɓalle daga ayari: shi da Christophe Laporte da Dries Van Gestel da Jasper Stuyven. Tun da sauran tazara ya miƙe kan feda ya fisga, babu wanda ya iya wuce shi. An daɗe ana ɗauka cewa 'yan gabashin Afirka hawan dutse kawai suka iya, sai ga shi ya ci a tseren da ake wa kallon gadon 'yan Beljiyam. Bayan wata biyu, a zango na goma na gasar Giro d'Italia a Jesi, ya kayar da Mathieu van der Poel, wanda ya ɗaga masa babban yatsa tun kafin su tsallaka layi. A kan dandalin karramawa murfin kwalbar da ake fesawa ya tashi ya buge shi a idon hagu, dole ya bar gasar.

Kafin shi akwai waɗanda suka share fage. A 2015 Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus suka shiga Tour de France ƙarƙashin ƙungiyar MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu, har Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan dutse na 'yan kwanaki. Wannan ƙungiya ita ce babbar gadar da 'yan Afirka ke bi, amma ta rushe a ƙarshen 2021 saboda rashin masu ɗaukar nauyi.

To, me nasarar Girmay ta haifar? Abin da ido ke gani shi ne tutocin Iritiriya. Duk inda ya je tsere a Turai, 'yan ƙasarsa mazauna can sukan fito da ganguna da tutoci, kuma da yawansu mutane ne da suka gudu daga bautar ƙasa ta dole wadda ba ta da ranar ƙarewa. Gwamnatin da suka guje wa ita ma tana alfahari da shi. Wannan nauyi ne babba a kan saurayin da sana'arsa tuƙa keke ce, kuma ban ga laifinsa ba da yake kauce wa maganar siyasa. Haka kuma masu farautar 'yan wasa sun fara leƙa gasar Tour du Rwanda da idon basira, 'yan Iritiriya irin su Natnael Tesfatsion da Henok Mulubrhan sun ci ta sun samu ƙungiyoyi a Turai. A watan Satumba na 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya, karo na farko a Afirka.

Sai dai idan aka dubi tushen, abin bai faɗaɗa yadda ake zato ba. Gasar Kigali kanta an tsara ta da hawa sama da mita 5,000, Tadej Pogačar ya lashe, mafi yawan waɗanda suka tashi ba su kai ƙarshe ba, har da Girmay. Gasar Gabon, inda ya fara cin nasara a matsayin babba, ba a sake yin ta ba tun 2023. Ke nan wuraren da yaro ɗan Afirka zai nuna kansa raguwa suke yi a daidai lokacin da ake ta yabon nahiyar.

Babbar katanga kuwa ita ce biza. Bizar ziyara ta Turai kwana 90 take bayarwa cikin kowane kwana 180, alhali kakar tsere na farawa daga Fabrairu har Oktoba. Ƙaramar ƙungiyar da ke lissafin kowane kwabo, idan aka ajiye mata yaro ɗan Italiya da ɗan Iritiriya masu ƙarfi ɗaya, za ta ɗauki wanda ba ya buƙatar takarda, ba ya buƙatar kuɗin jirgi da masauki. Ga tsadar kaya: keken da ƙwararru ke hawa ya kan haura Yuro 10,000. Ɗan tseren gudu na Kenya ko Habasha takalmi da fili yake nema, agogo kuma ya ba da shaida a kansa ko'ina yake. Ɗan tseren keke ba shi da irin wannan shaida, sai an gan shi cikin ayari.

Don haka abin da za a sa wa ido a shekarun nan shi ne yawan yaran Afirka 'yan shekara 17 da 18 da ke samun cikakkiyar kakar tsere a Turai, da yawan gasannin da ke tsayawa da ƙafafunsu a gida. Cibiyar Aigle da reshenta na Afirka ta Kudu mutum ƙalilan suke iya ɗauka a shekara, kuma har yau babu wata ƙungiyar Afirka a rukunin farko da ta maye gurbin Qhubeka.