Imuraren: Arzikin da Ya Ƙi Fitowa Daga Ƙasa

A watan Mayun 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya aza tubalin mahaƙar Imuraren, can tsakanin Agadas da Arlit. An yi ta shelar cewa nan za a buɗe mahaƙar yuraniyam mafi girma a Afirka, wadda za ta riƙa fitar da ton 5,000 duk shekara har tsawon shekara 35. Tun 1966 aka gano wurin. Har yanzu ko kilo ɗaya bai fita kasuwa daga can ba.

In ka tambayi mutum a majalisar shayi a Yamai ko Maraɗi me ya hana, kafin ka rufe baki zai ce maka Faransa ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma za mu zo kanta. Amma akwai wani lissafi da ke cikin dutsen kansa, wanda ba a cika kawo shi majalisa ba, kuma duk wanda bai gane shi ba zai yi ta mamakin yadda ƙasa ke kwana kan dukiya tana kwana da yunwa.

Yuraniyam ba ya zuwa dunƙule-dunƙule yadda ake tsintar zinariya a Jado. Yana warwatse ne cikin dutse, sai an fasa, an niƙe, an jiƙa da asid irin na ruwan batir, sannan a tace a samu wani gari mai ruwan ɗorawa, wanda shi ake zubawa a durom a kai waje. Abin da masu haƙa suka fara tambaya shi ne: a cikin ton guda na dutse, yuraniyam nawa ne? Ton guda buhun siminti ashirin ke nan. A Imuraren, in ka niƙe waɗannan buhuna ashirin, abin da za ka samu bai wuce giram 700 ba, wato ko kilo ɗaya bai cika ba. A tsoffin mahaƙun Arlit da Akokan ana samun kilo biyu zuwa huɗu. A mahaƙar Cigar Lake da ke lardin Saskacewan na Kanada kuwa, buhu uku cur cikin ashirin ɗin nan yuraniyam ne, kusan kilo 150.

Yanzu a ɗora wannan a kan tirela mai ɗaukar ton talatin. Don a samu ton 5,000 ɗin da aka yi alkawari, Imuraren na bukatar a haƙo dutse ton miliyan bakwai a shekara, tirela sama da 230,000. A Cigar Lake tirela dubu ɗaya da 'yan kai sun isa. Kuma wannan ban da ƙasar banza da za a yaye daga sama, wadda kaurinta ya haura mita ɗari, kafin a kai ga dutsen. Kowace tirela da gas ɗinta da tayoyinta da direbanta. Kowane ton da aka niƙa da wutar da ya ci, wadda a Arlit daga kwal ɗin kamfanin Sonichar na Cirozerin take zuwa, da asid ɗin da ya sha, da ruwan da aka zuƙo daga ƙarƙashin hamadar da ruwan sama ba ya mayar mata da abin da aka ɗiba. Manomi ya san wannan: damin gero mai ƙwaya da damin da rabinsa ƙaiƙayi ne wahalar sussukarsu ɗaya, amma abin da ke shiga rumbu ba ɗaya ba ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Daga nan ne masu haƙa ke ja wani layi. Duk dutsen da yuraniyam ɗin cikinsa zai biya kuɗin haƙo shi da tace shi, har a ga riba, shi ake kira ma'adini. Wanda ya gaza, sunansa shara, ko da kuwa akwai yuraniyam a ciki. Layin nan ba ya zama wuri ɗaya. Farashi ya hau, layin ya sauka, sharar jiya ta zama dukiya. Farashi ya faɗi, ko haraji ya ƙaru, ko hanyar kai kaya ta yi nisa, layin ya hau, dutsen da ake taƙama da shi ya koma tsakuwa ba tare da ƙwaya ɗaya ta motsa daga inda take ba.

Abin da ya faru da Imuraren ke nan. A 2007 laba ɗaya ta yuraniyam, wadda ba ta kai rabin kilo ba, ta haura dala 130. Da wannan zumuɗin aka ba kamfanin Areva na Faransa lasisi a 2009. Sai ga girgizar ƙasa da ambaliyar teku a Japan a watan Maris na 2011, tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace, Japan ta kashe tashoshinta, Jamus ta ce ta daina. A 2014 aka dakatar da aikin Imuraren. Zuwa ƙarshen 2016 laba ta faɗo ƙasa da dala 20. Mahaƙar Azelik da 'yan Sin ke gudanarwa kusa da Ingal, inda aka fara ganin yuraniyam a Nijar a 1957, ita ma ta tsaya. Kai, hatta McArthur River ta Kanada, mai dutsen da ake kwatance da shi, an rufe ta a 2018, sai 2022 aka sake buɗewa. In mai doki ya sauka ya huta, ina ga mai jaki?

Sai dai ƙarancin yuraniyam a dutse ba hukuncin kisa ba ne. Namibiya na haƙar Rössing tun 1976 da dutsen da ya fi na Imuraren talauci, saboda tashar jirgin ruwa na kusa da ita. Kazakistan kuwa, wadda ke kan gaba a duniya tun 2009 kuma take fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na yuraniyam ɗin duniya, ba ta ma haƙo dutsen. Rijiyoyi ake tonawa kamar burtsatse, a tura ruwan asid ƙasa ya narkar da yuraniyam a inda yake kwance, a zuƙo ta wata rijiyar. Ba rami, ba tirela, ba injin niƙa. Wannan dabara sai inda ma'adinin ke cikin yashi mai barin ruwa ya ratsa, kuma akwai yumɓu sama da ƙasa da zai tare asid ɗin kada ya gurɓata ruwan sha. A watan Mayun 2023 gwamnatin Nijar da Orano, sabon sunan Areva, suka amince a gwada ta a Imuraren. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulki.

A nan hannun hukuma ke shigowa. Dutse na ƙasa, amma takardar izini na kan teburin minista, kuma takardar kan iya fin dutsen nauyi. Ostireliya ta fi kowace ƙasa ajiyar yuraniyam, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya, amma daga 1984 zuwa 1996 gwamnatinta ta taƙaita haƙa a mahaƙa uku kacal. Jabiluka, wadda aka gano a 1971 da dutse mai kyau ƙwarai, ba a taɓa haƙarta don kasuwa ba, domin al'ummar Mirarr masu ƙasar sun ce ba su yarda ba, kuma a 2024 hukuma ta ƙi sabunta lasisin. Na kawo wannan don a san cewa gwamnati ta ce a'a ga kamfanin haƙar ma'adinai ba baƙon abu ba ne, kuma ba laifi ba ne.

A Nijar rigimar ta daɗe. An kafa Somaïr, mahaƙar Arlit, a 1968, ta fara fitar da kaya a 1971. Cominak, mahaƙar Akokan, ta bi baya a 1978 da rami mai zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Shekara da shekaru mai saye, wato Faransa, shi ne mai haƙa, shi ne kuma mai yanke farashi. Shugaba Diori Hamani yana tsakiyar neman ƙarin farashi sojoji suka kifar da shi a watan Afrilun 1974, ko da yake fari da yunwar wancan lokaci su ma suna cikin abin da ya ci gwamnatinsa. Tandja ya yi dokar ma'adinai ta 2006, ya matsa wa Areva ta ƙara farashi, ya buɗe ƙofa ga 'yan Sin da 'yan Kanada. Shugaba Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne da ya taɓa aiki a Somaïr, ya kai ruwa rana da Areva har zuwa 2014 kafin ta yarda da dokar, wadda ta sa kason gwamnati zai iya tashi daga kashi 5.5 zuwa 12 gwargwadon riba. A ganina wannan tsari na hawa da sauka shi ne mafi hankali ga ƙasa mai matsakaicin dutse: ran da kasuwa ta yi kyau gwamnati ta ɗebi rabonta da hannu biyu, ran da ta faɗi ta sassauta don kada ramin ya rufe ma'aikata su koma gida. Abin haushi shi ne a cikin wannan yarjejeniyar aka amince a jingine Imuraren.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 al'amura sun yi sauri. An rufe iyakar Benin, hanyar da duromomin ke bi ta Tawa da Gaya zuwa tashar Kwatano, kuma ta nan kayan tacewa ke shigowa. A watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta karɓe lasisin Imuraren, a watan Yuli ta karɓe na Madawela daga kamfanin GoviEx na Kanada, a watan Yunin 2025 ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Orano ta kai ƙara kotun sasanta rikicin zuba jari ta duniya. Ana cikin wannan dambarwar ne laba ta sake haura dala 100, a farkon 2024.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zan ga laifin wanda ya ce kamfani ba zai riƙe lasisi shekara goma sha biyar yana zaune a kansa ba. Amma karɓe takarda ba ya ƙara ko giram ɗaya a cikin ton. Duk wanda ya gaji Imuraren, ɗan ƙasa ne ko ɗan Rasha ko ɗan Sin, tirela 230,000 ɗin nan na jiransa. Mai bincike kuma ya fi mai haƙa tsoro, domin shi kuɗi yake binnewa a rijiyoyin gwaji shekara goma ko fiye ba tare da ya sayar da komai ba, kuma mafi yawan wuraren da aka tona ba sa zama mahaƙa. Cigar Lake kanta an gano ta a 1981, sai 2014 ta fara fitar da kaya. Mai ba da bashin irin wannan aiki yana so ya san dokar da ya sa hannu a kanta yau za ta kai jibi. Shi ya sa aikin Dasa, kudu da Arlit, wanda dutsensa ya fi na Imuraren sau da yawa kuma gwamnati ke da kashi 20 a ciki, ya fi iya jure guguwar siyasa, ko da yake shi ma ya sha jira wajen neman kuɗi.

Akwai kuma lissafin da ba ya shiga littafin riba. Dutse mara ƙarfi yana nufin shara mai yawa. Cominak ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021 bayan ta fitar da kusan ton 75,000, ta bar wa Akokan tudun dusar dutse mai tururin guba na kusan ton miliyan 20, a garin da iskar hunturu ba ta jin kunyar kowa. Imuraren, in aka bi ta hanyar buɗaɗɗen rami, za ta tara irin wannan tudu cikin shekara uku.

Don haka, ya mai karatu, duk ran da ka ji an yi shelar gano ton dubu kaza na yuraniyam, a Nijar ne ko a wata ƙasa, kada ka tsaya kan yawan. Tambayi kilo nawa ne a cikin ton, zurfin mita nawa, ta wace hanya zai kai teku, nawa ne rabon ƙasa a rubuce, kuma wa ya ajiye kuɗin rufe ramin in an gama.