Tsimi Da Tanadi: Ajiyar Wake Da Toka

Jama'a manoma, ga kaka ta zo. Kowa ya san halin wake: da kaka ya yi araha, da bazara ya yi tsada. Mutum ya sayar da nasa duka don tsoron ƙwari, in damina ta faɗi kuma ya koma kasuwa yana sayen mudu da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa. Wannan hasara ce, kuma akwai maganinta cikin murhun gidanka.

Da farko sai mu san abokin gāba. Ƙwaron wake tun daga gona yake fara ɓarna. Yakan yi ƙwai a jikin kwanso ko ƙwaya, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki tana ci. Cikin kamar wata guda ta zama ƙwaro, ya huda ya fito, ya sake yin ƙwai. Shi ya sa ɗan kaɗan ke cinye buhu.

To, ga yadda iyayenmu mata ke yi. A sussuke waken, a shanya shi ya bushe ƙayau, har in ka ciza ya fashe. Uwargida ta tara tokar itace, ta bari ta huce, ta tankaɗe ta don a fid da gawayi. Mudu guda na wake, mudu guda na toka, a cuɗa sosai a zuba cikin tukunya ko randa. A danna, a rufe bisa da toka kaurin yatsu biyu, a sa murfi. Tokar tana cike tsakanin ƙwayoyi, ƙwaron da ya fito ba shi da hanyar yawo balle ya hayayyafa. Ran da za a dafa, sai a tankaɗe a wanke. Amma fa in an rage toka, aikin banza ne.

Mai wake da yawa kuwa sai ya nemi buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ce a ciki, buhu a waje. A matse iska, a ɗaure kowace dabam. Ƙwari su shanye iskar da ta rage, su mutu. A ɗora shi bisa katako, a tsare shi daga ɓera, kada a riƙa buɗewa.

Abu guda muke roƙo: kada a zuba wa abinci maganin feshi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda gubar maganin ƙwari da aka samu cikinsa. Abin da baƙo ya ƙi, don me za ka ba 'ya'yanka?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Uwargida, fara tara toka tun yau. Allah ya ba mu albarkar abin da muka noma, amin.