Ko Kun Sani? Sa'a Guda Cikin Minti Guda

Bidiyo, a haƙiƙarsa, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa, misali 25 a kowane sakan, har sa'a guda takan tara 90,000. Saboda haka wanda ya kafa kyamara da la'asar a gindin tuddan rairayi na Tulo-Tulowa, cikin ƙasar Yusufari, ya ɗauki bidiyon sa'a guda, in ya umarci manhajar tace bidiyo, misalin Adobe Premiere, ta riƙe hoto ɗaya cikin kowane 60 ta zubar da saura, sa'ar nan za ta taƙaita zuwa minti guda, har ya ga inuwar goruba, wadda ido ke zaton a tsaye take, tana rarrafe bisa yashi. Sharaɗin dai kada kyamarar ta motsa, domin ƙanƙanuwar jijjiga, in aka gaggauta ta, sai ka ce girgizar ƙasa.