Wayar da ke Naɗe Bayan Sitiyari: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa direban hakimi yakan zo ya ce ham ya daina kuka, ko kuwa wata 'yar jar fitila mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa ta kama ta ƙi mutuwa. Sai malamin da ke riƙe da littafin mota ya rubuta takarda, a kai motar gareji, a biya, a komo da ita, ba wanda ya tambayi abin da aka yi mata. An shirya wannan bayani domin mai sa hannu a kan kuɗin gyaran ya san abin da yake saye, gama abin ƙarami ne, amma ran mai tuƙi yana rataye da shi.

Ga asalin maganar. Sitiyari juyawa yake yi, sauran jikin mota kuwa tsaye yake. To, a tsakiyar sitiyarin motocin yanzu akwai ham, da maɓallan rediyo, da jakar iska, watau jakar nan da ke kumbura kafin ƙiftawar ido in an yi karo, ta tare ƙirjin direba da fuskarsa. Dukansu suna bukatar wuta. Da an ja musu waya miƙe, da ba ta kwana biyu ba sai ta murɗe ta tsinke. Saboda haka aka sami waya mai faɗi kamar tef ɗin awon tela, aka naɗe ta sako-sako kamar gammo cikin wani ɗan akwatin roba, aka sa bayan sitiyari. In an juya gefe ɗaya naɗin ya tsuke, in an juya ɗayan ya saki. Makanikai suna ce da shi kulok-sifirin, don kamar da ya yi da sifirin ɗin agogo. Mu a nan za mu kira shi gammon waya.

Motocin da ba su da wannan. Zoben tagulla ne ke kai wa ham wuta. Amma jakar iska ba ta yarda da wutar da ke yankewa ko da na ɗan lokaci. Tun watan Satumba na 1997 dokar Amurka ta tilasta a sa wa kowace sabuwar ƙaramar mota jaka biyu a gaba, don haka da wuya a sami motar tokumbo marar gammon waya.

Yakan lalace don tsufa, gama kullum cikin lanƙwasa yake. Wani lokaci kuma aibin daga ƙira ne: a watan Afrilu na 2014 kamfanin Toyota ya kira motoci wajen miliyan 3 da rabi a duniya don a sake musu shi. Gyaran ƙafa ma yakan kashe shi. Tsawon wayar bai wuce na juyi biyar ko kusa da haka ba, biyu da rabi dama, biyu da rabi hagu. In makaniki ya kwance sandar sitiyari daga ƙasa bai ɗaure sitiyarin ba, yaron gareji ya zo ya wulwula shi, shi ke nan, ta tsinke.

MAGANAR DACEWA

Nan ne aka fi yin hasarar kuɗi. Mutum ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ya ce a ba shi na mota kaza ta shekara kaza, a miƙo masa wanda ya yi daidai a ido, har ma ya zauna daram a mazauninsa. Wannan bai isa shaida ba. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, takan fito da gammo iri uku ko huɗu, gwargwadon kayan da ke kan sitiyarinta da ƙasar da aka yi ta dominta. Wadda ba ta da maɓalli ko ɗaya silin wayarta kaɗan ne. Mai maɓallan rediyo da na riƙe gudu tana da ƙari. In aka sa wa babbar na ƙaramar, ham zai yi kuka, maɓallai kuwa su mutu.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na jakar iska. Wata jakar mataki ɗaya gare ta, da soket ɗaya. Wata mataki biyu, da soket biyu, kowane da launinsa da bakinsa don kada a musanya. In makaniki ya ce soket bai shiga ba, bari ya fere shi ko ya yanke ya haɗa da tef, lalle a hana shi. Wayoyin jakar iska, waɗanda galibi soket ɗinsu rawaya ne, ba a yi musu ƙari. Kwamfutar motar tana auna su a kowane lokaci, in ta ga bambanci kaɗan sai ta kunna fitila, jakar kuwa ba ta da tabbacin buɗewa.

Hanyar tsira ita ce malam ya kwafo lambar shasi, mai baƙaƙe da alƙaluma 17, da kuma lambar da ke jikin tsohon gammon, a saya da su. Motar da aka mayar da sitiyarinta daga dama zuwa hagu kuwa, a yi hattara da ita ƙwarai, domin mai yiwuwa ne kayan da ke ciki ba su ne lambar shasi ta nuna ba.

YADDA AKE SAWA

Ba a ce hakimi ya ɗauki sifana ba, amma ya kamata wakilinsa ya tsaya ya gani. Da fari a miƙe tayoyin gaba sak, a kashe mota, a cire kan batir na baƙar waya, a dakata. Toyota ta ce daƙiƙa 90 a ƙalla, Honda ta ce minti 3, domin akwai sauran wuta a ajiye da za ta iya tayar da jakar a fuskar mai aiki. Sa'an nan a ciro jakar a ajiye ta fuskarta sama, kada a dangwala mata na'urar awon waya. A yi alama a kan sitiyari da sandarsa kafin a kwance noti.

Sabon gammo yakan zo da ɗan makulli da ke riƙe shi a tsakiya. Ba a zare shi sai gammon ya zauna, tayoyi kuma suna miƙe. Na hannu ba shi da wannan, sai an nemo tsakiyarsa: a juya shi a hankali har ya fara tauri, a komo da shi rabin adadin juyinsa, a daidaita alamomin da ke jikinsa. In an kuskure wannan, ranar da direba ya karya sitiyari har ƙarshe a ƙofar fada wayar za ta tsinke, a koma gidan jiya. Motar da ke da ma'aunin juyin sitiyari a bayan gammon kuma takan bukaci a saita ta da kwamfuta.

Saura abu guda. Akwai masu cusa ɗan resista cikin soket don su ruɗi kwamfuta, akwai masu rufe fitilar ɗungum. Na biyu yana da sauƙin kamawa: in an murɗa makulli, tilas fitilar ta kama, ta yi daƙiƙa shida ko kusa da haka, sa'an nan ta mutu, wadda ba ta kama ko kaɗan ba an taɓa ta. Na farko kuwa sai an tsaya an ga soket ya shiga jakar da ido. Kafin a biya, a gwada ham da sitiyari a karye dama da hagu, a karɓi tsohon gammon, malam ya shigar da lambar sabon da ranar da aka sa shi cikin littafin mota.