Daga Frankenstein zuwa Mewtwo: Wa ke da alhakin dodon da aka ƙera, wa kuma ya mallake shi?

A watan Maris na 1824, Ministan Harkokin Wajen Birtaniya, George Canning, ya miƙe a zauren majalisar dokoki da ke Landan ana tsaka da muhawara kan makomar bayin da ke noman rake a tsibiran Karebiyan. Ra'ayinsa shi ne a bi a sannu, kada a yi gaggawar 'yanta su. Hujjar da ya kafa kuwa daga wani ƙagaggen labari ya aro ta. Ya ce sakin bawa nan take tamkar tayar da abin nan ne na cikin labarin, mai jiki da ƙarfi irin na ƙato amma hankalinsa na jariri, wanda ya sa maƙerinsa ya ja da baya a firgice. Bai ambaci sunan littafin ba, sai dai ba a yi saɓani ba cewa Frankenstein yake nufi, wanda ya fito shekara shida kafin wannan rana.

Ko dai Canning bai karanta littafin da kyau ba, ko kuwa ya karanta ya tsinci abin da zai yi masa amfani. Dodon da ke cikin littafin ya fi kusan kowa a labarin iya magana da kafa hujja, kuma wanda marubuciyar ta fi ɗora wa laifi shi ne mutumin da ya ƙera shi ya gudu ya bar shi. Amma jawabin ya nuna cewa tun da wuri labarin rayayyen abin da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa ya shiga siyasa, domin tambayar da ke ƙarƙashinsa ta iko ce: me mai ƙarfi ke bin wanda ke hannunsa, me kuma ake bin sa?

Bayan shekara 172, a watan Fabrairun 1996, kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Pokémon na farko a Japan, wanda Game Freak ya tsara. A cikin dodanni 151 da ke wasan akwai ɗaya, mai lamba 150, wanda masana kimiyya suka samar a ɗakin bincike. Sunansa Mewtwo. Miliyoyin yaran da ba su taɓa riƙe littafin Mary Shelley ba ta hannunsa suka fara cin karo da tsohuwar tambayar, sai dai amsar da wasan ya ba su ta sha bamban.

Uban da ya gudu

Mary Shelley tana da shekara 18 lokacin da ta fara rubutun, a tsakiyar 1816, a wani gida da ke bakin tafkin Jeniba a Suwizalan. Aman wutar dutsen Tambora na Indunisiya a 1815 ya dagula yanayin Turai, ruwa da sanyi suka tsare ta a ɗaka tare da mawaƙa Percy Shelley da Lord Byron, har Byron ya kawo shawarar kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Nata ya fito a farkon 1818, kwafi 500, ba tare da sunanta a bango ba.

Labarin a taƙaice shi ne: Victor Frankenstein, ɗalibi a jami'ar Ingolstadt ta Jamus, ya shafe kusan shekara biyu yana harhaɗa jiki daga abin da ya kwaso a maƙabarta da mahauta da ɗakin fiɗar gawa. A daren da jikin ya buɗe ido, muninsa ya razana shi, ya fice daga ɗakin. Bai raɗa masa suna ba. Har yau mutane da dama suna kiran dodon da Frankenstein, alhali sunan maƙerin ne.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙashin bayan littafin, kuma shi ne fina-finai suka fi yin watsi da shi. Dodon ya laɓe a wata rumfa da ke manne da bukkar wasu talakawa, iyalin De Lacey, yana leƙen su ta wata 'yar kafa. A haka ya koyi magana da karatu. Da ya lura cewa abincin da yake sata yana ƙara musu yunwa, sai ya daina, ya koma yi musu itace da dare yana ajiyewa a ƙofa. Ranar da ya bayyana kansa, duka ya sha. Ya ceci wata yarinya daga ruwa, aka saka masa da harbin bindiga. Sai bayan duk wannan ya fara kisa: ƙanen Victor, da amininsa, da amaryarsa a daren aurensu. A tsakani, kotu ta rataye wata yarinya mai aiki a gidan, Justine, kan kisan da ba ta yi ba, Victor yana kallo, ya san gaskiya, ya yi gum da bakinsa.

Da suka haɗu a kan dusar ƙanƙara ta tsaunukan Alps, buƙatar dodon ɗaya ce: a ƙera masa abokiyar zama, su tafi dazukan Kudancin Amurka su rabu da mutane. Victor ya amince, ya fara aikin a tsibiran Orkney na Sikotilan, sannan ya yayyaga jikin a gaban idon mai jira.

Ba abin mamaki ba ne irin wannan labari ya fito daga gidan da ya fito. Mahaifin Mary, William Godwin, masanin falsafar siyasa ne da ya yi imani cewa zalunci da mummunan tsari su ke ɓata mutum. Mahaifiyarta, Mary Wollstonecraft, marubuciyar haƙƙin mata, ta rasu kwana 11 da haihuwarta. Marainiya ce ta rubuta labarin maraicin da aka jawo da gangan. Fim ɗin Amurka na 1931, wanda Boris Karloff ya fito a matsayin dodon, ya cire masa harshe, ya kuma ce ƙwaƙwalwar wani mai laifi aka sa masa bisa kuskure. Da wannan sauyi ɗaya aka mai da mugunta abin gado, aka sauke wa al'umma nauyin da Shelley ta aza mata.

Lokacin da kamfani ya shigo

Victor shi kaɗai ya yi aikinsa, a ɓoye, ba mai ɗaukar nauyinsa. Wanda ya kawo kuɗi cikin maganar shi ne marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, a wasan kwaikwayonsa R.U.R. na 1920. A nan masana'anta ce ke kwaɓa nama na roƙo tana fitar da ma'aikata dubbai tana sayarwa, har ranar da suka yi tawaye suka ƙarar da iyayen gijinsu. Daga wannan wasa kalmar "robot" ta shiga harsunan duniya, kuma tushenta a harshen Cek shi ne aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa.

Mewtwo jikan waɗannan littattafai biyu ne. A wasan 1996 ba a ba da labarinsa kai tsaye ba. Mai wasa yakan shiga wani kangon gida da ya ƙone a tsibirin Cinnabar, ya riƙa tsintar shafukan kundin wani mai bincike: an gano wani sabon dodo a dajin Guyana, an kira shi Mew, an samar da Mewtwo daga gare shi, sannan shafi na ƙarshe ya ce ya fi ƙarfinsu, sun kasa tanƙwara shi. Ranar da ke kan shafin farko ita ce 5 ga Yuli. A daidai wannan rana ta 1996, wata huɗu da 'yan kwanaki bayan fitowar wasan, aka haifi tunkiya Dolly a Cibiyar Roslin ta Sikotilan, dabba mai shayarwa ta farko da aka kwafa daga ƙwayar halittar babbar dabba. Dacewa ce kawai, amma ta nuna irin iskar da ke kaɗawa a lokacin.

Fim ɗin 1998, wanda Takeshi Shudo ya rubuta, shi ya ba Mewtwo murya. Ya farka a cikin tulun gilashi yana tambayar ko shi wane ne da dalilin samar da shi, masana kuwa suna ta murnar nasarar gwajinsu. Wanda ya zuba kuɗin shi ne Giovanni, shugaban ƙungiyar 'yan ta'adda ta Team Rocket, kuma makami yake so. Ya lulluɓe Mewtwo da sulke mai rage masa ƙarfi, ya yi masa alkawarin haɗin gwiwa, daga baya ya gaya masa cewa don yi wa mutane bauta aka yi shi. Da aka kai fim ɗin Amurka a 1999, masu juya shi zuwa Turanci suka rage wannan ruɗani, suka mai da Mewtwo mugu na sarari mai son halaka duniya, wai don kada yara su rikice. Kusan abin da aka yi wa dodon Shelley a 1931 ke nan.

Bambancin da ke tsakanin biyun ya fito fili a nan. Dodon Shelley yana kuka ne don ba wanda ke son sa. Mewtwo kowa na son sa, amma irin son da ake yi wa bindiga ko gona. Na farko yana neman wanda zai ce nawa ne, na biyu yana gudun masu cewa haka.

Ƙwallon da ba ta kuskure

Fim ɗin ya ƙare da Mewtwo ya tashi sama da sauran kwafaffun dodanni, ya tafi neman inda za su zauna ba mai iko da su. Wasan bai yarda da wannan ƙarshe ba. A cikinsa Mewtwo yana can ƙuryar kogon Cerulean, ba a isa gare shi sai an gama da dukkan zakarun wasan, kuma abin da ake zuwa yi shi ne kama shi. Akwai wata ƙwallo guda ɗaya tak a wasan, Master Ball, wadda ba dodon da ke iya kuɓuce mata. Shugaban kamfanin Silph ne ke ba mai wasa ita tukwici, kuma 'yan wasa da yawa sukan adana ta ne musamman saboda Mewtwo. Wato yaron da ya karanta shafukan kangon nan, ya ji tausayin abin da aka zalunta, shi ne zai ƙarasa aikin da masana da Giovanni suka kasa. Labari yana wa'azin 'yanci, dokokin wasa suna ba da lada ga mallaka, kuma a wasan bidiyo abin da yatsu ke maimaitawa ya fi abin da ido ya karanta zama a rai.

Akwai wani da bai kai Mewtwo suna ba amma ya fi shi tona asirin tsarin. Porygon dodo ne da aka gina da lissafin kwamfuta zalla. A wasan farko a gidan caca ake samun sa, kan sulalla 9,999 a bugun Red. Wani bugu na baya ya ƙara bayanin cewa an sa masa kariya don kada a kwafe shi, kamar dai manhajar da ake sayarwa.

Su kansu masu tsara wasan sun san da wannan ƙaiƙayi. A 2010, a Pokémon Black da White, sun kawo wata ƙungiya, Team Plasma, mai kiran a saki dukkan dodanni domin tsare su a ƙwallo zalunci ne. Hujja ce mai nauyi, kuma wasan bai rusa ta da hujja ba. Abin da ya yi shi ne ya bayyana cewa jagoran ƙungiyar, Ghetsis, mayaudari ne da ke son kowa ya saki nasa don shi kaɗai ya rage da makami. Ita wannan ƙungiyar ce ma ta tayar da wani tsohon ƙwaro daga ƙasusuwansa, Genesect, ta ɗaura masa igwa a baya. Duk mai bin siyasa ya san wannan salo: idan an kasa amsa koke, sai a ɓata mai kawo shi.

Adalci ne a faɗi cewa wasannin sun taɓa zuwa kusa da abin da Shelley ta nema. A Sun da Moon na 2016, wata gidauniya mai da'awar kare dodanni, Aether, ta harhaɗa wani a asirce daga sassan dodanni daban-daban. An yi guda uku, suka ƙi jin magana, aka rufe musu kai da ƙwalƙwali mai nauyi, aka daskarar da su, aka sauya musu suna zuwa Type: Null, ma'ana abin da ba shi da amfani. Ɗan shugabar gidauniyar, Gladion, ya sace ɗaya ya gudu da shi. Dokar wasan ita ce dodon ba zai fasa ƙwalƙwalin ya kai cikar ƙarfinsa ba sai ya amince da mai kula da shi. Wannan ita ce kulawar da Victor ya hana nasa. Duk da haka sakamakon amincin shi ne mayaƙi mafi ƙarfi a hannun mai wasa, don haka ko tausayin ma riba yake kawowa.

A wajen allo

Tambayar mallaka ba ta tsaya a tatsuniya ba. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta yanke cewa ana iya yi wa rayayyen abin da mutum ya sarrafa rajistar haƙƙin ƙirƙira. Shari'ar ta shafi wata ƙwayar bakteriya mai narkar da ɗanyen mai, wadda Ananda Chakrabarty, ma'aikacin kamfanin General Electric, ya samar. A 1988 Jami'ar Harvard ta sami irin wannan rajista kan wani ɓera da aka sauya wa ƙwayoyin gado don ya riƙa saurin kamuwa da cutar daji. Dokokin da aka gina tun daga nan sun yi zurfi wajen fayyace wanda zai ci riba. Abin da maƙeri ke bin abin da ya ƙera bai sami irin wannan kulawa ba.

A watan Janairun 2024 wani ƙaramin kamfanin Japan, Pocketpair, ya fitar da Palworld, wasan da ya ɗauki tsarin kama dodanni ya cire masa mayafi. A nan mai wasa yana jera dodanninsa a masana'anta suna ƙera makamai, yana iya tsananta musu aiki har su yi rashin lafiya, yana ma iya yanka su. An sayi kwafi miliyan biyar cikin kwana uku. Wasu sun ɗauke shi ba'a ce ga Pokémon, wasu kuwa sun ce masana'antar Čapek ce aka miƙa wa mai wasa makullinta.

A watan Satumbar wannan shekara Nintendo da kamfanin Pokémon suka maka Pocketpair a wata kotun Tokyo. Ƙarar ba ta shafi kamannin dodannin ba, balle yadda ake gallaza musu. Ta shafi haƙƙin ƙirƙira ne kan wasu dabarun wasa, ciki har da jefa ƙwallo a kama dodo da kuma hawan bayansa. Kowanne daga cikin kamfanonin biyu ya nemi diyyar yen miliyan biyar, tare da umarnin kotu na dakatar da wasan. Kafin shekarar ta ƙare, Pocketpair ya sauya wasan nasa, ya cire jefa ƙwallo wajen kiran dodo fagen daga.