Ciwon kunne mai yawan dawowa ga ƙananan yara: musabbabi da magani

Ciwon kunne na daga cikin cututtukan da suka fi kai ƙananan yara gaban likita, kuma a wajen wasu yaran, da zarar ya lafa sai ya sake dawowa bayan 'yan makonni.

Cibiyar nazarin matsalolin ji da magana ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa yara biyar cikin kowane shida kan yi fama da wannan ciwo aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara uku da haihuwa.

Galibinsu kan warke cikin 'yan kwanaki ba tare da ciwon ya bar wata illa ba.

To amma idan ya riƙa zuwa yana dawowa, abin da likitoci suka fi jin tsoro shi ne ya taɓa jin yaron a daidai shekarun da yake koyon magana.

Inda ciwon yake

A bayan dodon kunne akwai wani ɗan gurbi cike da iska, wanda likitoci ke kira tsakiyar kunne. A nan ne wasu ƙananan ƙasusuwa uku suke, waɗanda ke isar da sauti zuwa can ciki.

Wata siririyar hanya ce ta haɗa wannan gurbi da bayan hanci. Aikinta shi ne shigar da iska da kuma fitar da ruwan da ya taru. An raɗa mata sunan Bartolomeo Eustachi, wani masanin sassan jikin ɗan Adam da ya rayu a Italiya a ƙarni na 16.

A jikin babban mutum hanyar ta gangaro ƙasa, don haka ruwa kan fita cikin sauƙi. A jikin jariri kuwa gajera ce, matsattsiya, kuma kusan a kwance take.

Saboda haka idan yaro ya kamu da mura, hanyar kan kumbura ta toshe. Sai ruwa ya taru a bayan dodon kunnen, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, har ya zama mugunya. Matsin da mugunyar ke yi wa dodon kunnen shi ne ke haddasa zafin.

Wannan ne ya sa ciwon ya fi kama yara daga wata shida zuwa shekara biyu, ya kuma fi yawa a lokutan da mura ke yawo, kamar lokacin hunturu.

Shi ne kuma dalilin da ya sa yake raguwa da kansa yayin da yaro ke girma, saboda hanyar na ƙara tsawo da faɗi, garkuwar jiki kuma na ƙara ƙarfi.

Yadda ake gane shi

Jariri ba zai iya nuna inda yake masa ciwo ba. Abin da uwa kan gani shi ne yawan kuka, musamman da dare ko idan an kwantar da shi, da zazzaɓi, da ƙin shan nono, domin tsotso da haɗiya na ƙara zafin.

Wasu yaran kan riƙa jan kunne ko murza shi, ko da yake wannan kaɗai ba hujja ba ce, tun da yaro mai lafiya ma kan yi haka.

Sau da yawa akan ɗora alhakin irin wannan zazzaɓi a kan fitowar haƙori. A yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa kuma, abu ne mai sauƙi a bai wa yaro maganinsa ba tare da an kula da kunnen ba.

Hanyar tabbatarwa ita ce jami'in lafiya ya leƙa kunnen da na'urar duba kunne mai fitila, ya ga ko dodon kunnen ya kumburo.

Wani lokaci dodon kunnen kan fashe, mugunya ta zubo waje, sai yaron ya daina kuka nan take. Iyaye kan ɗauka ciwon ya tafi, alhali kuwa matsin ne kawai ya sauka. Irin wannan huji kan toshe da kansa cikin 'yan makonni, amma sai an duba kafin a tabbatar.

Ba kowane ciwo ba ne likitoci ke kira mai yawan dawowa. Ma'aunin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi amfani da shi a ƙa'idojinta na shekarar 2013 shi ne ciwon ya kama yaro sau uku cikin wata shida, ko sau huɗu cikin shekara guda, muddin na baya-bayan nan ya faru a cikin wata shidan ƙarshe.

Yaran da suka fi faɗawa wannan rukuni sun haɗa da waɗanda ciwon ya fara kama su tun suna 'yan watanni, da waɗanda iyayensu ko yayyensu suka yi fama da shi, da masu wuni a cikin taron yara, da kuma waɗanda aka haifa da tsagaggen ganɗa.

Magani

Matakin farko shi ne rage wa yaron zafi, da farasitamol ko ibufurofen, gwargwadon nauyinsa da shekarunsa. Ba a bai wa ƙananan yara asfirin, saboda yana iya jawo musu mummunar illa a hanta da ƙwaƙwalwa.

Game da maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, ra'ayin likitoci ya sauya a 'yan shekarun da suka gabata, bayan da bincike ya nuna cewa akasarin yara kan samu sauƙi da kansu cikin kamar kwana uku.

A Amurka da Birtaniya akan iya jinkirta ba da maganin na kwana biyu zuwa uku idan ciwon bai yi tsanani ba. Sai dai da sharaɗin cewa za a iya komawa wurin likita da zarar ya ƙi sauƙi ko ya ƙaru.

Ƙa'idojin na Amurka ba su yarda da jira ba idan zazzaɓin ya kai maki 39 a ma'aunin Salshiyos, ko kunnen yana zubar da mugunya, ko kuma ciwon ya kama kunnuwa biyu a jikin yaron da bai kai shekara biyu ba. Haka kuma ba a jira da jaririn da bai kai wata shida ba.

Tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka tanada domin ƙananan asibitocin ƙasashe masu tasowa irin su Najeriya da Nijar, ya ce a bai wa yaro mai sabon ciwon kunne amoksisilin na kwana biyar, sannan a mayar da shi a sake dubawa.

Wani abu da ke sa a ga kamar ciwon ne ya dawo shi ne katse magani. Akan sayi ruwan magani a kemis, a ba yaro na kwana biyu, da zazzaɓi ya sauka sai a ajiye kwalbar. Ƙwayoyin da suka saura sai su sake tashi.

A da likitoci kan ɗora yaro mai yawan ciwon kunne a kan ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta kullum na tsawon watanni, da nufin kare shi. Ƙa'idojin 2013 sun hana yin haka, saboda amfanin kaɗan ne, yana ƙarewa da zarar an daina, ga gudawa da ƙuraje, ga kuma koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani.

Magungunan mura da ake sha domin buɗe hanci su ma ba sa warkar da ciwon kunne.

Ruwan da ke saura

Bayan zafi ya wuce, ruwa kan zauna a bayan dodon kunne na wani lokaci. Alƙaluman ƙungiyar likitocin yaran sun nuna cewa bayan wata guda ana samunsa a kunnen kimanin yara 40 cikin 100, bayan wata uku kuma a kunnen 10 zuwa 25 cikin 100.

Wannan ruwa ba ya zafi, ba ya kawo zazzaɓi, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kawar da shi. Illarsa ita ce yaro yana jin magana dishi-dishi, kamar wanda aka toshe wa kunne da auduga.

A gida irin wannan yaro ne ake kira bai amsa ba, a ce masa mai kunnen ƙashi, wani lokaci har ya sha duka a kan rashin ji, alhali kuwa maganar ce ba ta isa gare shi sosai.

Don haka likitoci ke ba da shawarar a gwada jin duk yaron da ruwan ya kai wata uku a kunnensa, ko wanda aka ga maganarsa ta yi jinkiri idan aka kwatanta da tsararrakinsa.

Batun tiyata

Akwai wata 'yar ƙaramar tiyata da ake yi wa wasu yaran, inda likita zai ɗan tsaga dodon kunne, ya zuƙe ruwan, ya saka wani ɗan bututu da bai fi ƙwayar shinkafa ba, domin iska ta riƙa shiga.

Wani likita a Amurka, Beverly Armstrong, shi ne ya farfaɗo da wannan dabara a shekarar 1954. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci, ko da yake akan sa yaron barci, bututun kuma kan faɗo da kansa tsakanin wata shida zuwa 18.

To sai dai wani bincike da Dokta Alejandro Hoberman na Jami'ar Pittsburgh ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, ya rage ɗokin da ake yi da aikin.

An bi diddigin yara 250 masu wata shida zuwa 35 da haihuwa har tsawon shekara biyu. An tsara saka wa wasu bututun, wasu kuma a ba su magani a duk lokacin da ciwon ya tashi.

A ƙarshe ba a sami wani bambancin a-zo-a-gani ba wajen yawan dawowar ciwon tsakanin ɓangarorin biyu, kuma a dukkansu ciwon ya ragu a shekara ta biyu.

Ƙa'idojin likitocin kunne, hanci da maƙogwaro na Amurka, waɗanda aka sabunta a 2022, sun ce kada a saka bututu ga yaro mai yawan ciwon kunne idan ba a tarar da ruwa a kunnensa ba ranar da aka duba shi. Wanda ya fi cancanta shi ne yaron da ruwa ya zauna masa a kunnuwa biyu wata uku ko fiye, jinsa kuma ya ragu.

Kunne mai zubar da mugunya

A ƙasashe matalauta, babbar matsalar ita ce kunnen da ya fashe ya ci gaba da zubar da mugunya watanni ko shekaru.

Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 65 zuwa 330 ne ke fama da wannan larura, kuma kashi 60 cikin 100 daga cikinsu jinsu ya ragu sosai. Rahoton ya danganta ta da talauci, da cunkoso a gidaje, da rashin abinci mai gina jiki.

Hukumar ta ce idan mugunya ta kai kwana 14 tana zuba, a riƙa tsane kunnen aƙalla sau uku a rana. Akan murza ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa kamar lagwani, a saka a kunnen, a cire idan ya jiƙe, a sake saka wani har kunnen ya bushe. Daga nan sai a ɗiga maganin da jami'in lafiya ya rubuta, na tsawon mako biyu.

Bai kamata a zuba mai, ko ruwan nono, ko ruwan ganye a kunnen da ke zubar da mugunya ba, domin hujin da ke dodon kunnen zai kai su can ciki. Haka nan sakace da tsinke ko gashin kaza na iya ƙara faɗin hujin. Wajen wanka ma a kiyaye ruwa ya shiga.

Hatta maganin ɗigawa na asibiti ba kowanne ne ya dace ba. Wasu, kamar masu ɗauke da jantamaisin, na iya lahanta ji idan dodon kunne a huje yake.

A garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan bayan kunnen ya kumbura yana zafi, ko wuyan yaron ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, ko bakinsa ya karkace, ko ya riƙa barcin da ba a saba gani ba. Waɗannan alamu ne na cewa ciwon ya kai ga ƙashin bayan kunne ko ya nufi ƙwaƙwalwa, inda yake iya zama sanƙarau.

A Najeriya akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma asibitocin koyarwa na da sassan kunne, hanci da maƙogwaro inda ake gwada ji.

Rigakafi

Shayar da nonon uwa zalla har wata shida na rage yawan kamuwa da ciwon. Idan kuma da fida ake shayar da jariri, a ɗaga kansa, kada a ba shi yana kwance, a kuma rage ba shi robar tsotso bayan ya kai wata shida.

Hayaƙi na kumbura hanyoyin numfashi. Don haka a nisanta yaro daga mai shan taba, a kuma rage zaman goyo a kan murhun itace, musamman a ɗakin girkin da iska ba ta shiga sosai.

Allurar rigakafin ciwon namoniya tana yaƙi da ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin da ke haddasa ciwon kunne. Ghana ta shigar da ita cikin jerin alluran yara a 2012, Nijar da Najeriya kuma suka fara a 2014. Ba ta hana ciwon gaba ɗaya, amma tana rage shi, kamar yadda allurar ƙyanda ke toshe wata ƙofar da yake biyowa.

A rahotonta na 2021 kan matsalar ji a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a tsakanin yara ya samo asali ne daga abubuwan da za a iya kauce musu, kuma ciwon kunne na cikin manyansu.